Wayales Ɗin Alhaji Da Sunan Da Ba A Faɗa

Wani ne a nan Azare. Ba zan kama suna ba, don in na kama, gobe a ce ni ne mai baki, ni da duk garin nan aka sani da kamun kai. Dillalin riɗi ne, Bafillacen wajen Jama'are, irin waɗanda ko gishiri za su sayo sai sun naɗa rawani. Abu biyu yake ji da su a duniya: kunyarsa ta Fulani, da kuma a ce shi ya fara yin abu a unguwa.

To, ɗansa na fari yana karatun likita a Sudan, can yake da matarsa, ga ta da tsohon ciki. Ya bugo waya ya ce a saka intanet a gida, in ta sauka lafiya, ranar suna a ga jariri a kwamfuta ido da ido. Lokacin nan kuwa salula ta gama gari, amma intanet sai ka je shago ka bi layi. Mutumin naku ya ji abin ya yi masa. Nan take ya aika Katagum wurin surukinsa, mahaifin Hajiya, wani dattijon Babarbare mai fataucin banda, ya ce ranar suna ya taho Azare ya ga tattaɓa-kunnensa a cikin gilashi.

Bai yi shawara da ni ba, ku lura. Ni da na taɓa zuwa Kano na ga abin da idona.

Aka kira Najmuddeen, mai shagon intanet na bakin tasha. Ya zo da wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, ya ɗora a kan kabad ɗin falo, fitilu suka hau ƙyafta ido.

Ya ce, "Alhaji, wannan shi ne wayales. Ba igiya, ba komai. Ta iska yake tafiya, ya ratsa bango har waje."

"Har waje?"

"Har gindin darbejiyar ƙofar gidanka. Shi ya sa za mu sa masa kalmar sirri. Ka zaɓi abin da ba wanda zai ji a bakinka."

Mutumin ya gyara zama, ya yi wani murmushi. Ya ce, "Yaro, ka zo gidan. Akwai sunan da tun ran da aka raɗa shi bai taɓa fita bakina ba. Ko wuƙa aka ɗora min a wuya."

"Wanne?"

"Na wancan da ke Sudan."

Najmuddeen ya ɗora yatsu a kan kwamfuta. "Madalla. To faɗa min."

"Wa? Ni? A'uzubillahi! Ɗan fari fa!"

"To ga biro, rubuta."

"Hannun ba nawa ba ne? Shi ma da kunyarsa."

Aka leƙa ciki a tambayi Hajiya. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ma ɗanta na fari ne, a rufa mata asiri. Sai mutumin ya tashi ya buɗe taga. A gindin darbejiya kuwa majalisa ta cika, ana cin gyaɗa. Ya hango Babakura tela, abokin wasansa, don kun san tsakanin Barebari da Fulani.

"Babakura! Yaya sunan wancan da ke Sudan?"

Babakura ya ɗaga murya yadda za a ji a kasuwar shanu. "Gali! Kai Bafillace, ka haifi ɗa ka manta sunansa?"

Najmuddeen ya buga, ya girgiza kai. "Alhaji, ya yi gajere. Na'urar ba ta karɓa."

"Babakura! An ce ya yi gajere!"

"A ƙara da na kakansa mana! Gidaɗo! Gali Gidaɗo! Me za a yi da shi?"

Mutumin ya sa yatsa a baki. "Shhh! Sirri ne. Shi ne makullin wayales."

Ya rufe taga, ya dubi Najmuddeen. "Ka dai ga ban faɗa ba."

Kafin mako ya zagayo, gindin darbejiya ya koma kamar ofishin sakatariya. Ɗaliban kwaleji, akawuna, malaman makaranta, har da wani ɗan bautar ƙasa da ko "sannu" bai iya ba, amma "Gali Gidaɗo" zar a bakinsa. Kowa da laftof a cinya, ya jingina da bangon Alhaji. Da ya fito sai su miƙe gaba ɗaya.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji!"

"Allah ya raya Gali!"

Mutumin ya koma ciki yana hura hanci. Ya ce, "Hajiya, kin ga farin jini? Masu ilimin garin nan kaf a ƙofata suke yini. A fitar musu da tabarma. A dama kunun zaƙi." In an ɗauke wuta kuwa, da sun yi "wash!" sai ya sa a tayar da inji, kada baƙi su ji zafi.

Abin da ya dame shi ɗaya ne. In 'yarsa Mas'uda ta zo daga gidan mijinta ta kunna musu kwamfuta, don ita ta iya, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a gilashi. Su yi la'asar yana juyawa. Su dawo yana juyawa. Ana cikin haka aka bugo daga Sudan, an sauka lafiya, namiji. Suna ya matso, zobe bai daina juyawa ba.

Ya aika aka kira Najmuddeen. Najmuddeen ya duba, ya riƙe baki. "Alhaji, ai rabin Azare ne a kan layinka. Tukunya ɗaya, kowa da ludayinsa. Kai ƙanzo kake samu."

"Su wa?"

Ya nuna taga.

"Masu shan kununa?"

"Su fa."

"To wa ya faɗa musu? Wallahi tallahi ban taɓa furta sunan nan ba! A kawo Alƙur'ani!"

Ya zabura zai fita ya kore su. Yana isa zaure ya ci karo da ɗan liman, yaron ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Bayansa ƙanin mai unguwa. Bayansa malamin da ya koyar da Mas'uda. Yaya za ka kori wanda ya yi maka sallama? Sai ya tsinci kansa yana cewa, "Kunun ya ishe ku kuwa?"

Ya dawo yana huci. Ya ce tunda ta iska abin yake fita, iskar za a tsare. Aka rufe tagogi. Aka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Ya leƙa, suna nan. Ya ɗauki ɗan akwatin ya kife shi da tukunyar tuwon biki. Ya leƙa, sun dai matso kusa da bango, amma suna nan. Sai ya zazzage adakar ƙarfen Hajiya, ya jefa shi ciki, ya lulluɓe da bargo, ya datse da kwaɗo, ya sa makulli a aljihu.

Sabis ya mutu murus. A waje da cikin gida.

Bayan azahar sai ga sallama. Wakilai ne daga gindin darbejiya, Babakura a gaba, fuska ba walwala kamar masu zuwa ta'aziyya.

"Alhaji, lafiya kuwa? Mun ga na'urarmu ta yi shiru."

"Na'urar wa?"

"Tamu mana, ta unguwa. In ciwo ne a faɗa mana. Ga wannan bawan Allah yana tsakiyar neman aiki a Abuja."

Najmuddeen ya sake zuwa, ya ciro akwatin ya yi zafi kamar dankalin gashi. Ya ce, "Alhaji, ba kwaɗo ake sa masa ba. Kalmar za a canja. Amma don Allah wannan karon ban da taga."

Mutumin ya shafa gemu. Can sai ya tafa hannu. "Akwai wanda ya fi wancan nauyi. Wannan ko a mafarki ban taɓa faɗa ba. Surukina."

"To wa zai faɗa min?"

"Ba ɗan Azare ba dai. Shiga mota."

Haka ya ɗauki Najmuddeen tun daga Azare har Katagum. Ya tsaya nesa da kasuwar kifi, ya nuna wata rumfa da leɓe. Ya ce, "Je ka tambayi kowa sunan mai rumfar can. Ni ina nan." Ya ɗaga gilashin mota, ya toshe kunnuwa da yatsu.

Najmuddeen ya tarar da masu banda suna ɗaure kwali. Ya ce, "Don Allah yaya sunan dattijon mai rumfar can?"

"Zarami."

Ya ƙirga a yatsu. "Ya yi gajere. Ba shi da wani?"

Suka dubi juna, suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya waiga hagu da dama, ya ce, "Zarami Ƙanƙamo. Ko ƙayar kifi ba ya bar wa kyanwa. Amma kada ka faɗa a gabansa. Me za ka yi da shi?"

Najmuddeen, Allah sarki, ba ya iya ƙarya. Ya ce surukinsa na Azare ne zai kulle wayales da shi.

Direbobin Azare kuwa a nan suke lodin banda. Mutumin naku ya tsaya salla, ya tsaya sayen kankana, ya tsaya gaida wani. Motar kifi ba ta tsaya ko'ina ba.

Suka iso, Najmuddeen ya sa sabuwar kalma a ɗan akwati, Alhaji ya juya baya yana kallon bango. Kwamfutar gidan tana wurin Mas'uda, sai Najmuddeen ya ce in ta kawo a buga mata sunan kawai, shi ya wuce Jama'are wani aiki. Mutumin ya fito ƙofar gida da hannu a baya, ya ga yadda za su watse.

Ba wanda ya ko ɗaga kai. Yatsu sai rawa suke.

Babakura ya ce, "Sannu da hanya. Yaya mutanen Katagum?"

"Wa ya ce na je Katagum?"

"Haba Bafillace. Sunayen da ba ka faɗa ai duk Azare ta haddace su."

Ranar suna dattijo ya iso da hantsi, da sandarsa da 'yan rakiya. Aka shimfiɗa masa darduma a tsakiyar falo. Mata suka cika ƙofa. Mutumin ya sha babbar riga, yana ta kai da komo. "Baba, yanzu za ka ga Sudan kamar ka miƙa hannu. Duk Azare ni kaɗai ke da shi."

Mas'uda ta buɗe kwamfuta. Ta danna, ta danna. Ta ce, "Baba, tana tambayar sabuwar kalmar."



Mutumin ya ce, "Kira Najmuddeen."

"Wayarsa a kashe take."

Gumi ya fara bin rawani. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Sunan wani dattijo ne."

Surukin ya ce, "Wane dattijo?"

"Wani... mutumin kirki."

"To faɗi mana. Mun taso tun asuba."

"Baba, a kawo fura?"

"Ba fura na zo sha ba. Jinina na zo gani."

Mas'uda ta ce, "Baba, lokacin da Yaya ya ce yana wucewa fa."

Mutumin ya dubi ƙasa. Ya dubi sama. Ya dubi taga. Ƙafafunsa da kansu suka kai shi. Ya buɗe, ya ce da muryar mai neman taimako a rijiya, "Jama'a, meye kalmar nan?"

Gindin darbejiya ya amsa baki ɗaya, kamar ana biya karatu:

"ZARAMI ƘANƘAMO!"

Wata tsohuwa ta saki kwano. Hajiya ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Mutumin ya tsaya riƙe da taga, da za a ba shi dama ta nan zai fice.

 Dattijo ya dubi Mas'uda. "Buga."

Ta buga. Ya shiga. Aka jira. Zobe ya juya, ya juya. Can sai ga hoto: rabin kunnen jariri da fankar silin, sun daskare. Wata murya ta ce "Assala..." ta tsaya nan.

Mutumin ya ce, "Baba, ka ga kunnen? Irin naku ne sak."

Dattijo ya dogara sanda ya miƙe, ya nufi ƙofar gida, mutumin na biye yana "Baba, don Allah, Baba." Suka fito. Tabarmi har bakin kwata. Kulolin kunu. Inji na ruri. Can tsakiya wani abokin Gali na makaranta ya ɗora laftof a kan turmi, jama'a sun yi masa rumfa, ga Gali tar a gilashi yana ɗaga jariri, ana ta "Barka! Barka! Juyo da shi mu gani!"

Aka buɗa wa dattijo hanya. Ya zauna, ya ga tattaɓa-kunnensa ido da hanci, ya yi masa addu'a, aka shafa. Mutumin naku yana baya yana ɗage, ba ya ganin komai sai ƙeyar Babakura.

Dattijo ya juyo ya dubi taron. Ya ce, "Duk waɗannan da sunana suke shiga?"

Babakura ya ce, "Safe da yamma, Baba."

"Me suke biya?"

"Ko sisi. Har kunu ake ba mu."

Dattijo ya yafito mutumin da sanda. Ya zo ya zube, rawani ya karkace. "Baba, wallahi ban san da wancan na biyun ba. Kunnena a toshe yake. Yau ɗin nan za a goge Ƙan... za a goge shi."

Dattijo ya ce, "Ƙanƙamon ka bar min abina, da gumina na same shi. Daga layin za ka cire ni, kafin labari ya kai Katagum a ce na fara kyauta."