Ranar Da Gugguru Ya Kwantar Da Ni

Akwai abubuwan da na manta da su da gangan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Hajara ta zaunar da ni gaban waya ba.

Hajara 'yar ƙanwata ce. Ta yi karatun kwamfuta a Zariya, ta dawo Birnin Gwari, ta ƙi neman aikin ofis. Ita kaɗai ta zauna tana haɗa manhaja, wato abin da ake sakawa a waya ya gaya wa manomi farashin masara da dawa kafin ya ɗora buhu a kan babur. Ba ta da halin yin talla a rediyo. Dabararta ita ce ta yi aikin a idon jama'a. Abin da ta gyara, ta ɗauki bidiyo ta nuna. Abin da ya lalace ma ta nuna. Tsakani kuma ta sako ɗan darasi, yadda ake busar da masara, yadda ake tsare ta daga ƙwari. (Ni ban yi boko ba, amma na ce mata mahaukaci ne kawai ke tallar ɓarnarsa. Dariya ta yi.)

Matsalar, masu kallon nata duk 'yan kwamfuta ne na birni. Manoma ba su saka abin ba. Ta ce in kaka ta wuce a haka, za ta rufe ta tafi Kaduna neman aiki.

"Kawu, kai mutane suka yarda da kai," in ji ta. "Ka zauna da ni kai tsaye, ka gwada a gabansu."

Gaskiya an san ni. Na daɗe ina tuƙin mota a hanyar dajin nan kafin na koma sayar da hatsi. 'Yan bindiga sun taɓa tare ni, suka tafi da ni, na dawo da ƙafata. Ba na ba da labarin. Shi ya sa mutane suka ƙara masa gishiri, har aka ce ban san tsoro ba. Ban taɓa musawa ba.

Da hantsi muka zauna ƙofar shagona. Na sha babbar riga da hula. Ta jingine waya ɗaya a tebur tana ɗaukarmu, ta jona ɗayar da lasifika don kowa ya ji. 'Yan kasuwa suka taru. Tana karanto masu kallo: ga Ɗanjuma abokina daga Gayam, ga mutanen Kuyello.

Ta ce, "Kawu, wasu na tsoron sabon abu."

Nan bakina ya ja ni, ni da magana ba ta dame ni ba.

"Tsoro? Ni da na kwana a daji? Ba a yi abin da zai tayar da ni daga kujerar nan ba."

"To danna nan. In farashi ya canza, ga ƙarar da za ka ji."

Na danna.

Ta-ta-ta-ta-ta!

Ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yanke hukunci. Na kurma ihu, "Ku kwanta!" Na yi sufa bayan buhuna, kaina ya nutse cikin daron garin masara da aka kawo daga niƙa. Ƙafata ta shuri tebur, waya ta faɗo ta tsaya daidai fuskata. (Mai rake da wani dillali ma sun ruga. Amma ni kaɗai wayar ta gani.)

Sai muryar Hajara can ƙasa-ƙasa.

"Kawu... gugguru ne. Ƙarar fashewar gugguru na ɗauka, tunda abin na masara ne."

Na ɗago fari fat, ido kawai ake gani. Hula babu, takalmi ɗaya babu.

"Kashe abin nan."

"Kai tsaye ne, Kawu. Sun riga sun gani."

"To goge."

"Ka san ba na gogewa."

Tana magana tana share hawayen dariya. Ta ɗauki wayar ta ce ga saƙon Ɗanjuma: "A gaida jarumi. Kujera dai tana nan, mai ita ne ba mu gani ba." Kasuwa gaba ɗaya ta kwashe da dariya.

Sannan ta fuskanci masu kallo. "Laifina ne," in ji ta. "A ɗaki na zaɓi ƙarar, ban yi tunanin kunnen mutumin Birnin Gwari ba. Ku faɗa mini wacce kuke so."

Ranar manoma suka fara ba ta amsa. Wata mata daga Kuyello ta turo murya: "'Yata, da a gona na ji wannan, da har yanzu ina gudu. Sa mana carar zakara." Zakara aka sa.

Bidiyon ya bi waya-waya har ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa sai an hau tudu. Kowa na son ganin abin da ya kwantar da ni, kuma wanda ya gani sai ya saka manhajar. Hajara ba ta je Kaduna ba. Ni kuwa har yau in na gifta, mai gugguru sai ta ce, "Baba, a riƙe zuciya, zan ɗora kasko."

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka cika baki gaban waya, fara tambaya me maɓallin ke yi. Kuma ka sa a ɗauke daron gari.