Yadda Za Ka Zama Gwanin Hannun Jari Har Ka Kai ga Shagon Surukinka

Mijin 'yata ya sayar da motarsa, ya sayi hannun jari a kamfanonin fasaha uku da bai taɓa ganin ƙofarsu ba. Yanzu shagona yake so in sayar ya ƙara a kai.

Ni mai gyaran rediyo ne. Shekara arba'in da ɗaya ina kan benci ɗaya. Aji uku na yi a makaranta, kuma sun ishe ni. Wata shida ke nan ina kallon mutumin nan, na haddace sana'arsa tsaf. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari, kafin mako ya zagayo kowa a layinku zai kira ka gwani, ko da a ƙafa kake yawo.

1. Rabu da abin da ke aiki

Fara da abin da ke amfanar gidanka. Mota ce? Sayar. Mota tana tsufa, tana shan mai, tana kai yara makaranta. Duk koma baya ne.

Idan matarka ta tambaya yadda yara za su yi, ka ce, "Nan da shekara biyu, motar da za mu hau ko direba ba ta buƙata." Haka ya faɗa wa 'yata. Tun ranar ita ke kai su da ƙafa, ta goya ɗaya, ta riƙe biyu.

2. Haddace kalmomi huɗu

Ba sai ka san abin da kamfanin ke ƙerawa ba. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, ba abin da ake taɓawa da hannu ba ne." Na gamsu.

Ga kalmomin: mamaye kasuwa, ƙirƙirarriyar basira, dogon zango, masana sun ce. Ka juya su yadda ka ga dama, duk inda suka faɗi daidai ne. Kada ka yarda a tambaye ka su wane ne masanan. In an matsa, ka duba waya ka girgiza kai, kamar an aiko maka da sirri.

3. Kore naka ne, ja na kasuwa ne

A wayar akwai wani layi mai hawa da sauka. In ya yi kore, basirarka ce. Tashi ka shiga shagon mai aski, ka kai wa kowa wayar har bakin hanci, har wanda aska ke wuyansa.

In ya yi ja, kasuwa ce ke gyara zama. Sa wayar a aljihu, ka yi zancen ƙwallo.

Mai askin da ke jikin shagona ya taɓa ce masa, "Gwani, to yaushe za mu ga kuɗin a ido?" Ya amsa, "Masu gajeren tunani ne ke cirewa." Ka riƙe wannan. Dukiyar da ba a taɓa cirewa ba ta taɓa raguwa a baki.

4. Rantse cewa babba ba ya faɗuwa

Wannan ne ginshiƙin sana'ar. Ka ce kamfanonin nan uku sun haɗiye duniya, ba mai kamo su har abada.

Da ya faɗa min haka, na sunkuya na jawo kwalin da ke ƙarƙashin bencina. Na fito da na'urar kaset. Na fito da bidiyo mai cin zare. Na fito da waya mai madannai, irin wadda ko ta faɗo daga bene sai dai ƙasa ta ji ciwo. Kowace a cikinsu, da kunnena na ji masu sayarwa suna rantsuwa cewa kamfaninta ya kulle kasuwa ya jefar da makulli. Yau ƙusoshinsu nake cira ina gyara wasu.

Ya kalli kwalin, ya yi murmushin tausayi. "Baba, wannan karon daban ne."

Rubuta jimlar nan ka manna a bango. Duk wanda ya kawo min kayan cikin kwalin nan ya taɓa faɗinta.

Na ce, "To, na ji, sun ci duniya. Kai ina rabonka?" Ya nuna min wata lamba mai sifiri da yawa. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san bambancin sifirin da ke farkon lamba da wanda ke ƙarshenta. Nasa duk a farko suke.

5. In naka ya ƙare, nemi na surukinka

Zo da safe. Durƙusa. Ja gaisuwa har gwiwa ta yi tsami. Sannan ka sassauta murya.

"Baba, kun gaji. Lokacin hutu ya yi. Wa ke gyara rediyo yanzu? Shagon nan bakin titi yake, kuɗi ne kwance. Ku ba shi dama ya yi muku aiki."

Kashegari ka turo dillali ya riƙa auna shagon da taku, daga ƙofa zuwa bango, mai shagon yana zaune da ransa.

In tsohon ya yi taurin kai, aika matarka. Tawa 'yar ta zo, ta zauna a bakin benci, ta cire takalmin da ya cinye mata dunduniya. Ta ce, "Baba, ya ce in roƙe ku. Na zo, na kuma faɗa." Ta mayar da takalminta ta tafi. Ni kuwa ban tsayar da ita ba. A shagon nan na biya mata makaranta, kuma ta san a nan 'ya'yanta ke tsayawa su ci wani abu in an tashi daga makaranta.

6. Riƙe wayar da kyau

A nan gwaninmu ya yi kuskure. Ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar yi wa masu jiran aski karatu, layin ya yi ja ya gangara. Waya ta suɓuce masa. Ta sha siminti, gilashi ya tarwatse, fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Sai ga shi a ƙofata yana haki. "Baba, don Allah. Komai nawa yana ciki."

Na ce, "Akwai layi."

Wata dattijuwa ce a gabansa da rediyonta, sai mai fitilar caji. Ya zauna a bayansu awa biyu, ƙafa na kaɗawa, mai mulkin kamfanoni uku. Da layi ya zo kansa na kwance wayar, na sauya gilashin, na liƙa wata 'yar waya da ta tsinke da dalma. A shagon da ba wanda ke buƙata.

7. Kada ka kuskura ka koyi darasi

Waya ta kawo haske. Ja ne daga sama har ƙasa. Ya ƙura mata ido, har na ɗauka hankali ya dawo gida. Sai na ga fuskarsa tana washewa.

"Baba! Sun yi araha! Wallahi yanzu ne lokacin saye. Dillali ya ce in kun sa hannu yau, gobe mai saye zai zo."

In ka iya wannan, ka gama makaranta. Ba ni da sauran abin koya maka.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ba mota, ba shago, matarsa ba ta yi masa magana, kada ya nemi ƙofata. Ban aike shi ba. Ba ni da lasisin ba da shawara, ban san masanan ba, kamfanonin nan kuma ba su san ina duniya ba. In sun hau, sa'arka. In sun faɗi, akwai sauran wuri a kwalina.

Abu ɗaya na ɗauki alhakinsa, shi ne amsar da na ba shi. Na mayar da sukudireba mazauninta, na miƙa masa wayarsa, na kalle shi ido cikin ido, mai aski yana ji, dattijuwar da ba ta riga ta tafi ba tana ji.

"Ba zan sayar ba. Matsa, akwai mai jira a bayanka."