Ƙasar Cikin Takalmi

"...lafiya lau, sai dai yunwa. Mijin da Allah ya haɗa ni da shi ba ya cefane, sai tsawo."

"Matar da ba ta da haƙori ko ɗaya, me zan sayo mata? Ruwa?"

Haka Kaka da ƙanena Dogo suke gaisawa tun ina yarinya. Ita ce ta haifi mahaifinmu, kuma tun da ƙafafunta suka daina kai ta ko'ina, idanunta suka dushe, ni nake zaune da ita. Ran nan da hantsi ina bakin rijiya ina wanke kwanuka, tana kan tabarmarta a inuwar ɗaki, sai ga shi ya shigo da ƙullin leda a hannu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Kaka takan aike shi ya ɗebo mata ƙasar gonarmu ta taɓa. Gonar kakanmu ce, ta dawo hannun mahaifinmu, da ya rasu ta dawo hannun Dogo.

Ni dai na san abin da Kaka ba ta sani ba. Dogo ya gama magana da masu tifa. Jibi za su shiga gonar su fara kwashe ƙasarta suna kai wa masu gini, saboda a cewarsa gonar ta mutu. Ya roƙe ni kada in faɗa mata, na kuma rufa masa asiri.

Ya durƙusa ya ajiye ledar a gabanta.

"Ga saƙonki, amarya. Mata na aiken mazansu zane, ke kullum ƙasa."

"Zanen da ka taɓa saya mini ai yana nan, na yi matatar ruwa da shi. Bana yaya gonar?"

"Gona sai godiya."

"Da kaka fa, me ka samu?"

"Ni kaka biyu Allah ya ba ni, kuma duk ba mai auki. Ɗaya ta tsufa, ɗaya ta zo ta wuce ban gan ta ba."

Na ɗago na dube shi. Wasa ya yi, amma gaskiya ta kufce masa a ciki, shi ma ya ji hakan, don nan da nan ya shiga sosa ƙeya. Kaka ta kwance ledar, ta juye a faifai, ta sa in kawo mata ruwa a moɗa. Ta yayyafa kaɗan, ta murza ƙasar da yatsu, ta damƙe. Da ta buɗe hannu sai ga curi baƙi ƙirin, ya riƙe kansa. Ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe a haka.

"Ƙasa mai kyau," in ji ta.

"Ai na gaya miki. Manomin da kika aura ba na wasa ba ne."

"Miƙo mini takalminka."

"Takalmi kuma? Za ki gudu ne? Ya yi miki yawa."

"Matar kirki ke kakkaɓe wa mijinta takalmi. Miƙo."

Ya yi ta kame-kame, wai takalmin yana wari, wai zai kashe ta kafin ajalinta a ce shi ne. Ta ce ta riƙe shi yana jariri, ba irin warinsa da ba ta sani ba. Dole ya cire sau-cikin ya ba ta. Ta kife shi a gefen faifan, ta bubbuga dunduniyar, sai ga rairayi fari yana zuba. Ta tara shi wuri ɗaya, ta yayyafa masa ruwa kamar yadda ta yi wa na farko, ta damƙe. Ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsunta, da ta buɗe hannu komai ya wargaje.

Na ajiye kwanon da ke hannuna.

"Wannan ce gonar," Kaka ta ce. "Ita ka taka ka wuce, ka je gindin gawon nan na kan iyaka ka ɗebo mini waccan. Ga ɓawon 'ya'yansa a ciki, ga kashin awaki. Shekara uku ke nan kana yi mini haka."

"Wa ya gaya miki?"

Ya juyo ya harare ni, na rantse masa da ido ban faɗa ba.

"Ƙyale yayarka. Ido na rasa, kunnena lafiya lau. Da, in an yi girbi, amalanke sai ya yi sawu tara yana shigowa gidan nan. Bara sau uku na ji kukan ƙafarsa, na ukun ma a guje ya shigo don ba nauyi."

Dogo ya zauna dirshan a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ni ya sa na zama abokiyar ƙaryarsa. Can ya buɗe baki ya faɗa mata komai, har da maganar masu tifa da ranar da za su zo. Ya ce bai so ta sani ba ne don kada ta bar duniya da baƙin cikin gonar mijinta. Ya ce buhun takin da yake zubawa kullum ƙaruwa yake, masarar kullum ƙanƙancewa take, ga yara biyar a gida.

"Ta mutu, Kaka. Ba a noma gawa."

"Kai ka yi mata wanka?"

"Ni na ga idonta."

"To likita, zo in tambaye ka. Karan da ke saura bayan girbi, ina kake kai shi?"

"Na kwashe mai kyau, sauran in sa wuta. Gonata ai ta fi tsakar ɗakinki tsabta."

"Harawa fa?"

"Wace harawa? Na daina wake. Masara ta fi kasuwa."

"Shekara nawa kana bin masara da masara?"

"Takwas."

"Itatuwan da kakanka ya bari a tsakiya?"

"Suna tare wa tarakta hanya."

Kaka ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ta ce shekara takwas yana cin abin da gonar ta dafa, ya suɗe tukunyar, ya kankare ƙanzon, sannan ya ƙone murfin. Ta ce ƙasar da ba a bar mata ko tsinke a kanta ba, rana ta gasa ta, iska ta ɗebi rabonta, ruwan farko ya tafi da saura. Takin buhu kuwa shuka yake ciyarwa, ƙasa ba ta ganin komai a ciki, shi ya sa kowace shekara sai ya ƙara.

"Gindin gawon nan da tsakiyar gonar duk ƙasa ɗaya ce, ranar da aka kawo ni gidan nan ba a iya bambance su. Can ganye na zuba ya ruɓe, awaki na kwana, taraktarka ba ta isa wurin. Inda ka manta da shi ne kaɗai ya tsira daga hannunka."

"Wato ni ne annobar."

"Ban ce ba. Amma da ka fi haka lalaci, da yanzu muna da gona."

Dariya ta so kufce mini, na danne. Shi bai yi ba. Ya ce ta faɗi abin da take so, ya ji, amma yaransa ba za su ci ganyen gawo ba. Nan Kaka ta shafa curin baƙar ƙasar da tafin hannu. Ta ce ba za ta hana shi ba, gona tasa ce, yunwar yara kuma ba abin wasa ba ce. Sai dai ya sani gonar da ta rame tana iya murmurewa, amma wadda tifa ta kwashe rami ne, ramin kuma shi jikokinsa za su gada.

Damina biyu ta roƙa. Ya raba gonar, rabi ya sa wake da gyaɗa, rabi dawa, baɗi ya juya. Kada ashana ta sake shiga gonar, kara ya kwanta inda ya faɗi. In ya ga ɗan itace ya tsiro, ya kewaye shi. Kunyoyin kuma ya daina ja musu layi suna bin gangare, ya gitta su, ruwa ya samu inda zai tsaya.

"Damina biyu, tsohuwa? Ke da kike da ƙafa ɗaya a waje?"

"Shi ya sa nake sauri. Na kusa shiga cikin ƙasar nan, Dogo. Ba na so in je ta tambaye ni wa ya yi mata wannan aiki, in ce jikana ne."

Wannan karon ba ta ce mijina ba. Ya sunkuyar da kai, na ga ya sa bakin riga ya goge ido. Ni ma sai na juya ina neman abin wankewa, alhali na gama.

Da ya ɗago, sai ya ce to da me za a ciyar da gonar, tunda ita matar tasa ba ta zo gidansa da komai ba sai surutu. Kaka ta nuna bayan ɗaki da haɓa, inda turken awakinta yake. Ta ce takin da ke wurin ya kai gwiwa, ga tokar murhu da nake tarawa, duk ta ba shi kyauta, ya kwashe.

"Matan mutane na ba mazansu turare. Ni kashin awaki."

"Daidai da kai na zaɓa."

Sai a lokacin ya yi dariya, irin wadda ke fitowa da sauran hawaye a ciki. Ya ce ta ci shi, zai je ya ba masu tifa haƙuri tun yau. Ya ce in nemo masa shebur da tsofaffin buhuna, ya ɗauki takalminsa zai miƙe.

"Tsaya," in ji Kaka.

Ta tattara baƙar ƙasar nan tsaf, har da wadda ta maƙale a saƙar faifai, ta mayar cikin ledar, ta ƙulle, ta laluba ta kama hannunsa ta danƙa masa.

"Mayar da ita inda ka ɗebo. Ita kaɗai ta rage mana, ba ta kai a riƙa yawo da ita ba."