Takardar Kifi a Cikin Hula

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar da na yi a unguwar Hashimi da ke Suleja ba, kuma ko na ce zan manta akwai dattawa sahu guda da za su tuna mini. Ranar ce na je gaida wanda zai ba ni aure, na dawo gida ana tantamar ko ni kaɗai ne a cikin jikina.

Bari in faro daga kunne. A lokacin ina haya a Kwamba, nan cikin Suleja, ina aiki a wani ofis a Abuja, kullum in fita da sassafe in dawo bayan magariba kamar sauran bayin Allah. Wata safiya ina kwance sai na ji wata 'yar tsuwa a kunnena na dama, siririya, tsiiii, ba ta hawa ba ta sauka. Na ɗauka gyare ne ya shigo ɗaki. Na ɗaga katifa, na janye akwati, na zazzage takalma, babu gyare babu dalilinsa. Na fita tsakar gida, tsuwa ta biyo ni. Na shiga motar Abuja, ta shiga tare da ni, muka sauka tare.

Mai hankali asibiti zai nufa. Ni kuwa waya na ɗauka na shiga bincike (ina cikin mutanen nan da in sun karanta abu sau biyu a waya sai su fara koya wa likita aikinsa). A zauren hirar tsofaffin 'yan ajinmu na waya na tarar da wani bidiyo. Wani mutum ne cikin farar riga, yana bayani da Turanci mai santsi cewa siginar waya da wayifai da eriyoyin kamfanonin waya suna fitar da wani abu wai shi rediyeshon, mai dafa ƙwaƙwalwar mutane a hankali, alamar farko kuma ita ce ƙara a kunne. Na leƙa ta taga. Ga eriya nan a bayan gidanmu, doguwa, ja da fari. Tun kafin in kama ɗakin take wurin, ban taɓa yi mata kallo na biyu ba, amma ranar na gane da wa nake faɗa.

Daga nan na shiga yaƙi. Ina dawowa daga aiki sai in kashe waya, in saka ta cikin tukunya in rufe. Na juya katifa ƙafafuna suka koma wajen eriya, wai gara ta dafa ƙafa da ta dafa kai. A ofis na ja teburina can nesa da akwatin wayifai har sai da na kusa toshe ƙofar bayan gida. Sai kuma babban makamin. Mai farar riga ya ce takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe gasasshen kifi da ita tana mayar da sigina inda ta fito. Na je wurin mai gashin kifi a bakin titi, na sayi kifin da ba na sha'awa, na roƙi ƙarin takarda. Na zauna na shimfiɗa ta a cikin hulata, na danne ta da babban yatsa har ta kwanta. Da na ɗora a ka sai na ji kamar tsuwar ta ragu (yanzu na gane ƙaras-ƙaras ɗin takardar ne ya danne ta).

Duk wannan Ma'u ba ta sani ba. Ma'u ita ce yarinyar da nake nema, 'yar asalin garin Suleja, mai kaifin baki da saurin dariya, kuma wallahi ina sonta. Ta yi mini ƙorafi: "Yaya, me ya samu wayarka? Da yamma ta yi ba a samunka." Na ce matsalar sabis ce. Ban yi ƙarya ba.

Mahaifinta ya rasu, don haka Baffa Shu'aibu, yayan mahaifin, shi ne waliyyinta. Tsohon ɗan kasuwar yadi ne, mutum mai binciken ƙwaƙwaf, kuma in ya ce a'a, magana ta ƙare a gidan. Da aka sa mini ranar zuwa gaishe shi, Ma'u ta ja mini kunne: "Don girman Allah kada ka yi masa ingausa. Wani ya taɓa zuwa neman yayata, yana akshuwali, akshuwali, Baffa ya ce ya je ya nemi 'yar Turawa. Hausa zalla za ka yi masa." Na ce ta kwantar da hankalinta, Hausa ai a nono na sha ta.

Ranar Asabar na yi aski tal-kwabo, na sa babbar riga, na ɗora hula. Na tsaya a gaban madubi ina shawarar in cire takardar, sai na tuna akwai eriya a Hashimi ma. Na bar ta.

A zaure komai ya tafi daidai. Na tsuguna na gaishe shi, na ƙi hawa tabarma sai da ya ce in hau sau uku. Ya tambayi aikina, na ce ina aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ya tambayi yadda nake zuwa, na ce a ƙaramar motar haya. Ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta kuɓuce mini ba. Na ga Baffa yana gyaɗa kai, har ya ce, "Madalla da yaro mai tarbiyya." A zuciyata na riga na fara zaɓen kalar labule.

Sai aka kira la'asar.

Muka fita ƙofar masallacin unguwa, aka miƙo mini buta, na tsuguna kusa da Baffa. Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, duk a natse don ya ga na iya. Da na zo shafar kai sai na ɗaga hula. Abin da ban lissafa ba shi ne zufa. Zafin zaure da tsoron suruki sun sa kaina ya jiƙe sharkaf, takardar ta saki hula ta manne a ƙoƙon kai. Hula ta taho a hannuna, ita kuwa ta zauna daram, ta ɗauki siffar kaina tsaf, rana na dukanta tana walƙiya kamar sabon murfin tukunya.

Duk masu alwala suka tsaya. Ruwa na zuba daga butar wani tsoho, bai ma sani ba.

Baffa ya ce, "Ɗana, wannan fa?"

Da na ce masa sigina, ko netwok, ko in nuna masa eriya da yatsa, da an yi dariya an wuce wurin. Amma gargaɗin Ma'u na kaina. Na yi gyaran murya na ce, "Kariya ce, Baffa."

"Kariya daga me?"

"Akwai wasu abubuwa da ke yawo a cikin iska. Ba a ganinsu da ido, amma suna ratsa bango, su shiga kan mutum."

Baffa ya ajiye butarsa a hankali. "Suna shiga kanka?"

"Ta kunne, Baffa. Na dama."

"Magana suke maka?"

"A'a, ba su kai ga magana ba tukuna. Tsuwa suke yi. Sun fi matsa mini idan wuri ya yi tsit."

"A ina suke zaune?"

"A bayan gidanmu, can saman wani dogon ƙarfe. Akwai wasu kuma a wurin aikinmu, cikin wani ɗan akwati."

Na ji wani ya ce subhanallahi a bayana, na ɗauka mamakin ilimina yake yi. Baffa ya rage murya ya ce, "Gaya mini gaskiya, a danginku akwai masu irin wannan?"

Na ce, "Ai Baffa yanzu babu wanda ba ya tare da su. Kai ma ga su nan a aljihunka."

Dattijon ya dafe aljihun gaban rigarsa ya ja da baya yana a'uziyya. Ni kuwa na ɓare takardar daga kaina, na ƙarasa alwala, ina jin daɗin na yi bayanin kimiyya da Hausa tsantsa.

A cikin masallaci na fara jin wani abu bai yi daidai ba. Liman ya ce a daidaita sahu a cike giɓi, amma dama da hagu na sai fili, kowa ya matse can gefe. Ana sallamewa na ga Baffa ya rarrafa wurin liman suna ƙus-ƙus. Kafin in shafa addu'a wasu ƙarti biyu sun zauna a gefena, kowa ya riƙe hannu ɗaya, cikin ladabi dai amma riƙon na gaske ne. Liman ya matso ya dafa goshina ya fara karatu. Jama'a ba wanda ya fita, har waɗanda suka riga suka sa takalmi suka dawo.

Da ya kai aya sai ya dube ni cikin ido ya ce, "Wane ne kai? Me kake nema a jikin yaron nan?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

Wani ya ce, "Haka suke cewa."

A nan ne Hausata ta ƙare. Na ɗaga murya na ce, "Malam, wet, wet, ba ku gane ba ne, rediyeshon nake nufi! Rediyeshon!"

Tsohon nan mai buta ya ce, "Alhamdulillahi, ya faɗi sunansa."

Wani ya ce, "Ji suna. Wannan ba musulmi ba ne."

Baffa ya girgiza kai ya ce, "Tun ɗazu yaron nan Hausa zalla yake yi mini. Ku ji yanzu wani ya hau bakinsa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Duk abin da na faɗa sai ya zama hujja, in na yi shiru kuma a ce ya ɓuya. Aka yi mini tofi, aka yayyafa mini ruwa har babbar rigata ta jiƙe. Hawaye suka zubo mini, na kunya zalla, liman ya ce alama ce mai kyau. Daga ƙarshe aka sake ni, aka tare mini keke napep, Baffa ya ce in je Allah ya ƙara sauƙi. Maganar aure kuwa ko kusa bai sake tayar da ita ba.

Da yamma ban saka waya a tukunya ba. Ma'u ta kira tana kuka, ta ce Baffa ya ce a dakata, ba zai ba da 'yar ƙaninsa ga mai iska ba sai an ga abin da hali ya yi. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga gyare har zuwa kifi. Sai ta fashe da dariya har tana tari, sannan dariyar ta tsaya cak. Ta ce, "Yaya, ka san aurenmu ka naɗe a takardar kifin nan? Jibi ka je asibiti. In ba ka je ba, ni ma na bi bayan Baffa."

Na je. Likitar kunne ce, mace, ba ta da yawan magana. Ta leƙa da 'yar fitilarta, ta auna jinina, ta tambaye ni ko ina aiki kusa da injin. Na ce a'a. Ta ce ina sa abin sauraro a kunne? Na ce eh, a mota, zuwa da dawowa, in ƙure ƙarar don kada in ji gardamar siyasar fasinjoji. Ta ce a wane kunne? Na ce na dama, na hagu nake barin wa direba. Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa.

Duk da haka na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, eriya fa?"

Ta ce ita dai ba ta san wata tabbatacciyar hujja da ta nuna siginar waya ko wayifai na jawo ƙarar kunne ba. Abin da suka sani shi ne sauti mai ƙarfi, da dattin kunne, da hawan jini, da wasu magunguna, kuma yawan damuwa da sa wa abin ido na ƙara masa ƙarfi. Ta ce, "In eriyar ce, me kunnenka na hagu ya ba ta da ta ƙyale shi?" Ta wanke mini kunnen, ta ce in rage sauti in bar tsorata kaina, tsuwar za ta iya raguwa ko da ba ta tafi gaba ɗaya ba.

Komawa Hashimi ta fi zuwa asibiti wuya. Na tsuguna a zauren nan na yi wa Baffa bayani dalla-dalla, wannan karon da netwok ɗina da siginata, ban ɓoye ko bidiyon mai farar riga ba. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya juya ta ya ce, "Wato wannan kake nufi?" Na ce ita ce. Ya ce, "Babu aljani?" Na ce babu. "Da hankalinka ka sa takardar kifi a ka, ka zo neman aure?" Na ce da hankalina, Baffa.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ni da na so a ce aljanun ne, don su ana fitar da su." Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "To, yarinyar ta ce ta ji ta gani. Ku turo magabatanku."

An ɗaura aure, alhamdulillahi, tsuwar kuma ta ragu sosai, sai jefi-jefi. Abin da na koya bai da yawa, amma da mutuncina na saye shi: in kunnenka ya fara ƙara, ka kai shi gaban likita kafin ka kai shi gaban surukai.