Miyar Sure a Tukunyar Kanti

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena Bello ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne duk sanda na zauna lissafa waɗanda suka ja mini, sunana ke fara zuwa.

Zamanin Turawa ne, ina da ƙuruciyata da ƙarfina. A lokacin ni ce uwar tuwo a danginmu na Boɗinga. Wato duk biki ko suna ni ke riƙe muciya, ni ke cewa a zuba, ni ke cewa a sauke. Ba gadon matsayin na yi ba, ƙwace shi na yi a hankali daga hannun Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe shi tun ban san dama da hagu ba. Kuma gaskiya na iya girki, wannan ko wadda ba ta ƙaunata ba za ta musa ba. Ni na koya wa matan unguwarmu su shafa jiƙaƙƙiyar toka a gindin tukunya kafin su ɗora, baƙin hayaƙi sai ya fita da wanki ɗaya. Ni na koya musu in miya ta yi ƙauri a juye ta a jefa gawayi a ciki. Koyarwa kam na iya. Saurare ne ban taɓa gwadawa ba.

Ana saura kwana huɗu biki maigidana ya sayar da audugarsa, ya wuce Sakkwato, ya dawo da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kan jaki. Baƙa wuluk, mai ƙafa uku, daga kantin Turawa. Duk unguwarmu babu mai irinta. Mata suka yi ta shigowa kallo, ni kuma ina tsaye a gefenta kamar ni na ƙera ta. Cikinta yana wani maiƙo yana sheƙi, na ce musu ai haka kayan Turawa suke. (Man da ake shafawa ne don kada ta yi tsatsa a hanya. Mai kantin bai faɗa ba, maigidana bai tambaya ba, kuma har ya bar duniya ban daina yi masa gorin wannan ba.)

Gwaggo Ige ta zo ita ma. Ta sa yatsa ta lakato maiƙon, ta shinshina, ta ce, “Ke ɗiyag ga, ba a aza sabuwar tukunya ga biki haka nan. Ki dahwa dusa da toka cikinta, ki zubas, ki sake, sannan ki shahe ta da man shanu.”

Na ce, “Gwaggo, wagga ba ta laka ba ta. Daga ƙasar Turawa anka kawo ta, a wanke taz zo.”

Mata suka yi dariya, ni ma na taya su. Gwaggo ta goge yatsanta a gefen zane, ta ce Allah shi ba da sa'a, ta fita.

Ranar biki dangin amarya suka kawo ta daga Shagari, aka sauke su a gidan maƙwabcinmu. Na ce yau sai sun koma da labarina. Na ɗauraye tukunyar da ruwan sanyi, na ɗora miyar sure, wato yakuwa, da gyaɗa da naman rago. Duk cikin miyoyin duniya sai na zaɓi mai tsami, wadda ke cin ƙarfe! Tana tafasa tana duhu. Wata matar ƙanen mijina ta leƙa ta ce, “Yaya, miyag ga kamar ta yi baƙi.” Na ce mata ranar da ta iya dama kunu ba gudaji sai ta zo mu yi maganar miya. Daga nan babu wadda ta sake buɗe baki. Su ma ina jin haushinsu, mata goma sha a tsakar gida, a ce duk tsoron bakina ya fi musu kunyar dangi.

Za ku ce me ya hana ni ɗanɗanawa. To, ni ba na ɗanɗana miya. Na sha bugun ƙirji a gaban mata cewa wadda ke kai ludayi baki ba ta san hannunta ba. Hanci kuwa hayaƙin murhu biyar da ƙamshin daddawa sun riga sun toshe shi. Haka na zuba, aka jera akusa, aka kai wa baƙi.

Ba a jima ba sai ga akusan sun dawo. A cike. Kowace malmala an gutsiri gefenta kaɗan an bari, kamar ɓera ya taɓa. Duk wadda ta taɓa girki ta san babu zagin da ya kai wannan. Kaina ya yi zafi. Ban ɗaga murfin tukunya na duba ba, ban tambayi kowa ba, na sunkuci akushi ɗaya na nufi masaukinsu, mayafina yana jan ƙasa.

Ɗakin cike yake da mata, amarya tana lulluɓe a ƙurya. Ko sallamar kirki ban yi ba na dire akushin a tsakiya na ce, “Mi munka yi muku? In mutanen Shagari sun hi ƙarhin tuwonmu, ku hwaɗa muna, mu san irin surukan da munka samu!”

Babbarsu, wata tsohuwa da suke kira Inna Kulu, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, “Zamna, ɗiyata. Wallahi ba mu rena ki ba. Ɗebi loma guda dai, mu gani.”

Na zauna. Na yanko loma ƙatuwa don in ba su kunya, na dangwalo miya, na kai baki.

Jama'a, kamar na lashi cikin fitilar kananzir sannan na tauna tsohuwar ƙusa. Ɗaci, ƙarni, da wani maiƙo da ya manne mini a dasashi. Mai hankali a nan za ta tofar ta nemi gafara. Ni kuwa na haɗiye, na dube su ido cikin ido na ce, “Mi ag gare ta? Lahiya lau take.” Na ƙara ta biyu. Na ƙara ta uku, idanuna suna ruwa. A ta huɗu cikina ya ƙi biye wa girman kaina. Da ƙyar na kai bakin ƙofa, na amayar da komai a kan takalman baƙi da ke jere a wurin. Ina durƙushe na ji wata dariya tana fitowa daga ƙarƙashin lulluɓi. Amaryar da ya kamata a ce tana kukan rabuwa da gida, ita ce ta fara.

Inna Kulu da kanta ta miƙo mini ruwa a buta, tana cewa sannu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na lallaɓa na koma gida, sai na tarar da tukwanen laka uku a kan wuta, miyar kuka har ta fara kauri. Gwaggo Ige ce zaune a kujerata. Ashe tun da safe ta daka kukarta, ta ware nama, ta ajiye a ɗakinta tana jira. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, wato ta sani, ta kuma bar ni na tafi har ƙarshe. Hannu kawai ta miƙo, na ɗauko muciyar na sa mata a gaban kowa. Ita kuma ta turo mini kwandon albasa da wuƙa.

Muciyar nan ba ta sake dawowa hannuna ba. Bayan Gwaggo, amaryar nan ta Shagari ce ta karɓe ta, kuma shekara da shekaru duk bikin dangi tana aiko mini da kwandona cikin ladabi.

Abin da na koya dai, in akushinki ya dawo a cike, ki shige ɗaki ki rufe ƙofa ki ɗanɗana kafin ki ɗaura ɗamarar faɗa. Yankan albasa kuwa ba zan kushe shi ba. Shi kaɗai ne aikin da mace za ta zauna a tsakiyar biki ta yi kukanta, babu mai tambayarta dalili.