Robo Marar Fuska

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, don har yau a unguwarmu nan Agiye akwai masu kirana Maman Robo. Ina amsawa kuma, da ƙarfi.

Ɗiyata Rakiya tun tana rarrafe ba ta ga abu mai kusa ta ƙyale shi ba. Rediyon babanta, cocila, agogon bango, duk ta ga hanjinsu. Da malaminsu na lakol, Mushe Sani, ya ce zai fara koya wa yara haɗa robo, wato mutum-mutumin inji, ran Laraba da yamma, amma sai iyaye sun sayo kayan haɗawar, yarinyar nan ta hana ni shan ruwa. Yayar maigidana, Yaya Hassi, ta taɓe baki.

"Ɗiya mace da ƙarafuna? Ki sayo mata tukunyar wasa, ita za ta yi mata rana."

Wannan maganar ce ta sa ni shiga motar Maradi.

Sharaɗina ɗaya ne. Ba zan shigo da mutum-mutumi gidana ya kore mini mala'iku ba. Duk wanda mai kanti ya sauko da shi, ga ido, ga baki, wani har murmushi yake. Na ce a'uzu billahi, mayar. Can sama na hango wani kwali da rana ta cinye hotonsa, amma rubutun yana nan ɓaro-ɓaro da Faransanci: robo mai ayyuka da yawa. (Na yi kwaleji fa, ba a karanta mini kwali.)

"Wancan yana da fuska?"

"Ko kusa, Hajiya."

"Ana haɗawa ana kwancewa?"

"Kullum ma, in an gama aiki."

Na ce alhamdulillahi, ga na Musulmi. Ban bari ya buɗe ba, wai kada wani ɗan ƙarfe ya faɗi a mota. A gida ma na ɗora shi kan kabad, na hana Rakiya taɓawa.

Ran Laraba na ci ado, na gayyaci Yaya Hassi da bakina (a nan ne shaiɗan ya samu nasa), na ɗauki kwali a ka kamar kayan lefe. Yara sun baje ƴan motocinsu masu tayoyi da wayoyi, iyaye na tsaye bakin taga. Na dire nawa kan teburin Mushe, ya fi na kowa girma. Ya yanke salatif, ya ɗaga murfi. Sai ya zaro kofin roba babba, ya zaro wuƙaƙe masu lanƙwasa, ya zaro faifan kankare karas.

"Madam," ya ce a hankali, yana danne dariya, "robo ne kam. Amma na markaɗen tumatir."

Ashe Faransawa injin markaɗen madafa ma robo suke ce masa. Wannan darasin ban san ranar da aka yi shi a kwaleji ba.

Aji ya ɗauka da dariya. Yaya Hassi har da riƙe ciki. "To ai ga tukunyar! Allah ya nuna miki da hannunki!"

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, ban musa ba. Amma da na dubi Rakiya, ba ni take kallo ba, ba masu dariya ba. Ta riga ta kifa injin, tana leƙen kusoshin gindinsa.

"Inna, akwai abu mai juyawa a ciki. In kwance?"

Sabo fil, ko albasa bai taɓa gani ba. Yaya Hassi ta ce, "Ke, kada ki soma! Ki kai shi madafa ki rufa wa kanki asiri."

Na tattara wuƙaƙen na ƙulle a bakin zane, na ce, "Mushe, ara mata abin kwance kusa. Rakiya, kwance shi duka."

Ranar yara suka bar motocinsu suka kewaye ɗiyata, Mushe yana nuna musu yadda wayar tagulla ke juya ƙarfe. Injin bai sake haɗuwa ba har yau, tumatir ɗina kuma yana hannun mai markaɗen bakin kasuwa kamar da. Robon gaskiyar na sayo daga baya, ƴar mota marar fuska, Rakiya ce ta zaɓa.

Abin da na koya kaɗan ne. Tsoron Allah wajibi ne, Faransanci ma ba laifi, amma dai a buɗe kwali. Kuma in za ki yi abin kunya, kada ki gayyaci yayar miji. In kin riga kin gayyace ta, to ki tabbata ke za ki yi maganar ƙarshe.