Taku Dubu Goma a Kan Babur

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da Asabar ɗin da Daraktanmu ya zo har Kuje don ya koyi tafiyar ƙasa a wurina ba. A wurina ni, mutumin da ko shagon bakin layi zai je sai ya waiga ya ga ko akwai mai babur.

Abin ya samo asali ne daga cutar nan da ke kama ma'aikatan Abuja duk farkon Janairu. Kowa ya dawo hutu da sabuwar dayari da sabon buri: wannan zai bar shan lemon kwalba, wancan zai koyi Faransanci, wata kuma za ta daina gulma (a bakinta muka ji burin kowa). Ni kullum dariya nake musu, don na san kafin wata ya ƙare dayarin ta koma abin ɗora kofin shayi. To a wannan shekarar sai wani likita a Gwagwalada ya auna ni, ya kalli tumbina, ya ce jinina ya hau, in riƙa tafiya. A makon ne kuma Darakta, dattijo mai ciwon suga da ya kusa ritaya, ya tara mu ya ce kowa ya sa wata manhaja mai ƙirga taku a wayarsa. Dubu goma kullum. Kuma manhajar na nuna wa kowa takun kowa, kamar sakamakon jarrabawa a jikin allo.

Ba wanda ya nemi ra'ayina, amma na miƙe na yi jawabi (bakina ne babban maƙiyina). Na ce mutanenmu ba lokaci suka rasa ba, lalaci ne ya yi musu katutu. Darakta ya gyaɗa kai, ni kuwa na zauna ina jin kaina.

Kwana uku na yi da gaske. A rana ta uku ƙafa ta yi tsami, na ce ai jiki ma yana da haƙƙi. Rana ta huɗu na koma kan babur kamar yadda na saba. Unguwarmu can bayan Kuje take, hanyar ba kwalta, wannan rami ya miƙa ka ga wancan. Malam Sale kuwa, wani dattijon Bazamfare da ke kai ni tasha kullum, bai san kauce wa rami ba. Ina isa ofis na duba waya, sai na ga taku dubu shida da ɗoriya. Ashe wayar na cikin aljihun gaban riga tana tsalle a kan tumbi, ita kuma baiwar Allah duk tsalle ɗaya sai ta rubuta taku. Komawa gida da yamma ya cike sauran.

Da mutumin kirki ne, da ya faɗi gaskiya. Ni kuwa sai na ce wa Malam Sale ya riƙa bi da ni ta tsohuwar hanyar gonaki, wai ta fi iska.

Wata biyu cur ina na ɗaya. Madam Bisi, Bayarabiyar da ke kula da fayil a ofishinmu, ta riƙa tare ni a baranda: "Oga, kai ba ta gajiya ne? Dubu sha biyar kullum kullum!" Sai in gyara hula in ce, "Madam, horo ne, ba kowa Allah ya ba ba." Na koma mai wa'azi. In na ga mutane suna jiran lif sai in yi tsaki in ce hawa biyu kacal, ku ji kunya (sai sun wuce nake shiga). Matata kaɗai na kasa ruɗawa. Ta ce, "Baban Walid, wannan tafiyar taka ta aljanu ce? Dunduniyar takalmi ba ta ci ba, tumbi kuma sai gaba yake yi."

Darakta ne ke bi mini a na biyu, kuma shi da gaske yake. Ya sa direba ya riƙa sauke shi nesa da ofis. Lokacin hutun azahar yana zagaye ginin, gumi sharkaf, 'yan baya suna masa dariya a ɓoye. Duk sanda ya kusa kamo ni sai in ƙara wa Malam Sale zagaye ɗaya. Wallahi ko tausayinsa ban ji ba, daɗi ma nake ji.

Wata Alhamis ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Malam, na yi iya ƙoƙarina na kasa kamo ka. Jibi Asabar zan zo Kuje bayan sallar asuba, ka nuna mini hanyar da kake bi, mu taka tare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar fa ba kyau."

Ya ce, "Ai ita nake so."

Ranar Juma'a na sayo takalmin gudu da wando mai zane a gefe. Asabar gari na wayewa sai ga motarsa. Matata ta leƙo ta gaishe shi, sannan ta ce mini, "Allah ya kiyaye hanya," da wata irin murya da har yau ban yafe mata ba.

Minti goman farko na riƙe mutuncina, har ina koya masa yadda ake jan numfashi. Kafin minti ashirin numfashin ya gagare ni. Dattijon na gaba yana ta hira, ni ina baya ina amsawa da hanci. Sabon takalmi ya saɓule mini dunduniya. Muna isa gindin wani mangwaro inda masu babur ke tsayawa, ƙafafuna suka ce sun gama, na zauna daɓas a ƙasa.

Cikin masu babur ɗin har da Malam Sale. Ya taso da sauri.

"Subhanallahi! Alhaji, lafiya? Mi ya hito da kai a ƙasa?"

Na ƙifta masa ido, bai gani ba. Na sake ƙiftawa, ya ɗauka suma zan yi, ya shiga yi mini fifita da hula. Sannan ya juya ga Darakta, ransa a ɓace.

"Yallaɓai, ku ne kuka sa shi? Wallahi shekara ukku ina ɗaukar shi, ko masallacin Juma'a a kan babur ɗin nan yake zuwa. Bawan Allahn nan bai iya tahiya ba!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Darakta ya kalle ni, ya kalli babur, ya ce a hankali, "Kai shi gida."

Na hau babur ɗin, kaina a sunkuye, na manta shaf da wayar da ke aljihu. Malam Sale kuma, saboda sabo, ya bi ta hanyar gonaki. Ina shiga gida saƙo ya shigo daga Darakta: "Na tsaya ina kallon manhaja. Daga gindin mangwaro zuwa gidanka ka yi taku dubu huɗu. Ka gaida mini babur ɗin."

Na kwana biyu ina jiran ya tona ni. A taron Litinin bai ambaci sunana ba. Cewa kawai ya yi likita ya rage masa magani, suga ya sauka, wandunansa duk an kai wa tela. "Wata biyu ina bin wani mutum da ƙafa, ashe shi a zaune yake. Allah ya saka masa." Madam Bisi ta juyo ta kalle ni, sauran ma suka juyo. A makon na koma Gwagwalada, likita ya auna ni ya ƙara mini ƙwaya ta biyu.

Yanzu ina tafiya, taku dubu uku da 'yan kai, ni ne na ƙarshe a jeri, kuma ba mai jin wa'azina a bakin lif. Abin da na koya kaɗan ne: in za ka yi ƙaryar cika buri, ka tabbata ba mai gaskiya a kusa. Burin nawa dai an cika shi tsaf a shekarar, amma a jikin Darakta.